Wata Shida A Bakin Inji: Horon Farko Na Ɗalibi Da Haƙƙin Da Ke Kan Mazauna Kurmi

A kowace shekara, idan zangon karatu ya zo ƙarshe a jami'o'i da kwalejojin fasaha na ƙasar nan, akan miƙa wa dubban ɗalibai wata 'yar takarda mai hatimin makaranta, a ce kowa ya je ya nemi ma'aikatar da za ta karɓe shi ya yi horon sanin makamar aiki. Daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Kwalejin Fasaha ta Kaduna, har zuwa Sakkwato da Bauci da Maiduguri, haka samari da 'yan mata ke watsuwa, kowa da takardarsa a hannu. Da yake kuwa yawancin manyan masana'antun Nijeriya a Kudu suke, musamman na mai da iskar gas da takin zamani, wasu daga cikin masu takardun nan sukan biyo hanyar da motocin shanu da na albasa ke bi, su sauka a unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu.

Ɗaliban nan iri biyu ne. Akwai wanda ya taso daga gida Arewa, ba shi da kowa a Kurmi sai sunan wani kawu ko ɗan garinsu da aka rubuta masa. Akwai kuma 'ya'yan mazauna, waɗanda a nan aka haife su, suke karatu a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, ko Jami'ar Fatakwal, ko kwalejin IMT ta Inugu. Duk su biyun matsalarsu ɗaya ce: da yawa daga cikin iyaye da masu masauki sun ɗauki watannin nan tamkar dogon hutu, lokacin da yaro zai huta da boko ya zo ya taya jiran rumfa. Alhali kuwa a cikin shekaru huɗu ko biyar na karatun jami'a da wuya a sami wani lokaci da ke yanke wa ɗalibi alƙibla kamar wannan wata shida. Ko su yi amfani, ko su tafi a banza, mazauna Kurmi suna da babban hannu a ciki.

ASALIN SHIRIN

Bayan an gama yaƙin basasa a watan Janairu na 1970, kuɗin mai suka fara shigowa, Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta duƙufa kan gine-gine da kafa masana'antu. A 1972 kuma aka kafa dokar mayar da harkokin kamfanoni hannun 'yan ƙasa. Nan fa wata matsala ta fito fili. Masu kamfanoni suka riƙa kukan cewa yaran da makarantun ƙasar nan ke yayewa sun san lissafi a takarda, amma hannunsu bai taɓa riƙe sifana ba, sai an sake koya musu aiki tun daga farko. Wannan ya zama hujjar ci gaba da ɗauko ƙwararru daga ƙasashen waje, ana biyansu kuɗi masu tsoka.

Dama tun a 1971 Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, watau ITF, bisa doka mai lamba 47, hedkwatarsa kuwa tana Jos. Asusun nan shi ne ya ƙirƙiro shirin tura ɗalibai masana'antu a 1973, shirin da aka fi sani da SIWES, ɗalibai kuma suke ce masa "Ayti" a takaice. Lokacin da aka soma a 1974 ɗaliban ba su kai 800 ba, daga makarantu 11 kacal. Kafin a je ko'ina nauyin ya fi ƙarfin asusun, sai a 1979 aka miƙa shirin ga Hukumar Kula da Jami'o'i da Hukumar Kula da Ilmin Fasaha mai hedkwata a Kaduna. A ƙarshen 1984 aka sake mayar da shi hannun ITF, Gwamnatin Tarayya ta ɗauki nauyin kuɗinsa. Ya zuwa 2008 masu shiga shirin sun haura 200,000 a shekara.

Dabarar kanta ta girmi Nijeriya. A 1906 wani malamin injiniya mai suna Herman Schneider ya fara irinta a Jami'ar Sinsinati ta Amurka, inda ɗalibansa suke yin mako guda a aji, mako guda a masana'anta. A Ingila akwai kwasa-kwasan da ake tsarma shekara guda ta aiki a tsakiyar karatu, a Jamus kuwa yawancin masu koyon sana'a suna raba makonsu ne tsakanin makaranta da kamfani. Kowace ƙasa ta gano abin da Bahaushe ya daɗe da sani, cewa gani ya kori ji.

YADDA AKE YIN SA

Ɗalibin jami'a mai karatun injiniya, ko aikin gona, ko kimiyya, ko kwamfuta, ko zanen gine-gine, ko safiyo, yakan yi wata shida, galibi a shekararsa ta uku ko ta huɗu. Ɗan kwalejin fasaha yakan yi wata huɗu bayan shekarar farko, sa'an nan idan ya karɓi ƙaramar difloma sai ya yi shekara guda cur yana aiki kafin a ɗauke shi karatun babbar difloma. Likitoci da masu haɗa magunguna da lauyoyi da malaman makaranta su ma kowa da irin nasa horon, ko da yake ba a ƙarƙashin tsari ɗaya suke ba.

Makaranta takan ba ɗalibi wasiƙa da wani littafi da ake kira logbuk. A cikin littafin nan zai riƙa rubuta abin da ya yi kowace rana, har da zanen injin da ya kwance ko ginin da ya auna, a ƙarshen mako kuma jami'in da ke kula da shi a ma'aikata ya duba ya sa hannu. Ana sa ran malami daga makaranta zai ziyarce shi a wurin aiki, haka ma jami'an ITF, wadda ke da ofis a Fatakwal da Inugu. Idan ya koma makaranta sai ya rubuta rahoto, ya tsaya gaban malamai ya kare shi, a ba shi maki kamar kowane darasi. Wanda bai yi ba, digirinsa bai cika ba.

Akwai ɗan alawus da gwamnati ta tanada, amma bai taka kara ya karya ba, sau da yawa kuma sai bayan an gama horon da daɗewa yake fitowa. Wasu kamfanoni sukan ba ɗalibi kuɗin mota ko abincin rana, wasu ko ƙwandala. Saboda haka duk wanda ya shiga shirin nan don kuɗi, ya yi ɓatan kai tun daga ƙofa.

ABIN DA WATA SHIDA KE YI WA YARO

Abu na farko shi ne hannu. Alal misali, ɗalibin injiniya ya shekara uku yana lissafin yadda famfo ke tura ruwa ko mai a cikin bututu. Ran da ya tsaya gaban famfon gaske, mai girman ɗaki, sai ya tarar yana zafi yana rawa, littafi kuwa bai faɗa masa dalili ba. Wani tsohon makaniki wanda ko sakandare bai gama ba zai kasa kunne, ya ce boris ne ya cinye. A kwance, a tarar haka ne. Ɗalibin gine-gine shi ma zai ga yadda ake ɗiban kankare a zuba a 'yan akwatuna, a jiƙa, a kai ɗakin gwaji a murƙushe bayan kwana 7 da kuma bayan kwana 28, don a tabbatar ginin zai ɗauki nauyin da aka zana masa. Daga ranar lissafin da yake haddacewa don jarrabawa ya zama maganar rai da mutuwa. Malaman jami'a da dama sun shaida cewa ɗalibin da ya yi horon ƙwarai yakan dawo aji da tambayoyi irin na manya.

Abu na biyu shi ne ladabin aiki. A makaranta ɗalibi kan makara lacca ya aro littafin aboki ya kwafa. A masana'anta ƙarfe bakwai ko takwas aka ce, to ƙarfe bakwai ko takwas ɗin ne. Ba a shiga fili sai da hular kwano da takalmin aiki. A wuraren mai da gas ba a kunna wutar walda sai da rubutaccen izini, ba a taɓa inji sai an kashe wutarsa an sa kwaɗo, domin sakacin mutum ɗaya na iya cin rayukan mutum goma. A nan ne kuma yaro mai taƙama da boko ke koyon karɓar umurni daga heluma, da gaishe da lebura, da cewa "ban sani ba, a nuna mini." Matambayi ba ya ɓata, amma sai wanda ya sauke girman kai ke iya tambaya.

Abu na uku shi ne sanin inda aka dosa. Yara da yawa sun shiga kwas ne don shi makaranta ta ba su, ko don wani yayansu ya yi shi. Sai a wurin horo ɗalibi ke gane ko zai iya shekara talatin cikin ƙarar inji, ko kuwa ofis ya fi dacewa da shi, ko koyarwa, ko buɗe nasa ɗan shagon. Wanda ya gano haka yana da shekara ashirin da biyu ya fi wanda zai gano yana da arba'in da iyali a wuya. Daɗin daɗawa, aikin bincike na shekarar ƙarshe sau da yawa daga wata matsala da ɗalibi ya gani da idonsa a ma'aikata yake samo shi.

Abu na huɗu shi ne mutane. Injiniyan da ya ga ƙwazon yaro wata shida shi ne zai rubuta masa takardar shaida, shi zai nemi a turo masa shi idan aikin yi wa ƙasa hidima ya kawo shi jihar, shi kuma zai tuna da sunansa ran da gurbi ya samu. A ƙasar da masu digiri ke yawo da takardu daga ofis zuwa ofis, bambancin da ke tsakanin wanda aka sani da aikinsa da wanda sai sunansa kawai aka gani a takarda ba kaɗan ba ne.

GARURUWA UKU, ƘOFOFI IRI-IRI

Fatakwal gari ne da aiki ya haifa. Turawa sun kafa shi a 1912 don fitar da kwal ɗin da aka gano a wajen Udi a 1909, aka kuma haɗa shi da Inugu da hanyar jirgin ƙasa a 1916. Da aka sami mai a Oloibiri a 1956 sai garin ya zama cibiyar harkar mai. An buɗe matatar farko a Alesa-Eleme a 1965, ta biyu a 1989. Akwai masana'antar sinadarai ta Eleme wadda kamfanin Indorama ya saya a 2006, da tashar jiragen ruwa ta Onne, da kamfanin iskar gas na tsibirin Bonny wanda ya fara fitar da kaya a 1999, ga kuma ɗimbin ƙananan kamfanoni masu yi wa manyan hidima a Trans-Amadi. Dokar da aka sa wa hannu a 2010 don ƙara rabon 'yan ƙasa a harkar mai ta ɗora wa kamfanonin nauyin horar da 'yan Nijeriya, abin da ya kamata kowane ɗalibi ya sani kafin ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Inugu kuwa garin kwal ne, ko da yake mahaƙan sun daɗe da daina aiki. A Emene aka buɗe kamfanin haɗa manyan motoci na ANAMMCO a 1980, a unguwar kuma akwai wasu masana'antu da filin jirgin sama. Garin yana da cibiyar ƙere-ƙere ta PRODA, wadda aka kafa jim kaɗan bayan yaƙi don ƙera injuna da kayan gida, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Nijeriya da asibitin ƙashi na tarayya ga masu karatun kimiyyar lafiya.

Anaca an fi saninta da kasuwa, amma kasuwa mai girman wannan tana jan masana'antu a bayanta: na roba, da magunguna, da abinci, da buga littattafai. Gadar Kwara ta farko an buɗe ta a 1965, ta biyu a 2023. Tafiya kaɗan daga nan sai Nnewi, garin da 'yan kasuwar kayan gyaran mota suka rikiɗe suka zama masu ƙerawa, inda kamfanin Innoson ya buɗe masana'antar haɗa motoci a 2010. Ɗalibin da ya shiga irin waɗannan ƙananan kamfanoni sau da yawa ya fi na babban kamfani samun damar taɓa inji da hannunsa, domin ma'aikata kaɗan ne, aiki kuwa da yawa.

INDA GIZO KE SAƘA

Matsala ta farko ita ce gurbi. Ɗalibai sun ninka sau ɗaruruwa tun 1974, masana'antu kuwa ba su ninka haka ba, wasu ma rufewa suka yi. Kamfanin tayoyi na Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007. Masaƙun Kaduna da Kano, waɗanda a da suke ɗiban ɗaliban Arewa, yawancinsu sun durƙushe tun farkon shekarun 2000. Tsohuwar matatar Fatakwal an sake tayar da ita a Nuwamban 2024, aka kuma rufe ta a Mayun 2025 don gyara. Saboda haka yaro kan share wata guda ko biyu daga cikin shidan yana yawon neman wuri, mai gadi na sallamarsa tun daga bakin ƙofa.

Ta biyu ita ce masauki da guzuri. Ba wanda ke ba da hayar ɗaki na wata shida a Fatakwal cikin sauƙi, sai kuɗin shekara, ga na dillali. Ɗan talakan da ya taso daga Gumel ko Illela, ko da kamfani ya karɓe shi, in bai da inda zai sa haƙarƙarinsa dole ya haƙura. Yara masu ƙwaƙwalwa da yawa sun rasa wuri mai kyau saboda tabarma da kuɗin mota kawai.

Ta uku ita ce ta fi muni, domin da hannun mutum yake yi wa kansa. Ɗalibin da ya rasa gurbi, ko wanda mahaifinsa ya ce ya zo ya kama masa ciniki, sai ya nemi wani ƙaramin ofis a buga masa hatimi a logbuk, ya zauna a rumfa yana ƙirƙiro ayyukan da bai yi ba. Wani ma yana zuwa ma'aikatar, amma aikinsa sayo wa manya abinci da ɗaukar fayil, bai kuwa taɓa buɗe baki ya nemi a kai shi fili ba. Makin dai zai samu, digiri ma zai fito. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Ran da aka kira shi ganawar neman aiki, aka ajiye masa zane ko na'ura aka ce ya yi bayani, ranar ce za a biya bashin wata shidan nan, da riba. Ribar da ya kawo wa rumfa a lokacin ba za ta kai kuɗin makarantar zango ɗaya ba, abin da ya rasa kuwa na tsawon rai ne.

Ta huɗu ita ce fargaba, kuma ba a raina ta. Wanda ya ga abin da ya faru a Anaca a Fabrairun 2006, ko a Oyigbo a Oktoban 2020, ba za a ga laifinsa ba in ya yi jinkirin turo ɗansa. Dokar zaman gida ta ranar Litinin da aka soma a jihohin Ibo a Agustan 2021 ita ma ta cinye wa ma'aikata da ɗalibai ranakun aiki masu yawa. Sai dai baƙon da ya sauka hannun mazaunin gari, wanda ya san unguwar da ake bi da wadda ba a bi, da lokacin fita da na komawa, ba ɗaya yake da wanda ya sauka a tasha shi kaɗai ba.

DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI

Abin da ɗaliban nan ke bukata ba baƙon abu ba ne a zango. Tun zamanin fatake masu safarar goro da shanu, Bahaushe ba ya sauka a garin da bai sani ba sai a hannun maigida. Maigida shi ke ba baƙo ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an yi ciniki bashi. Da wannan tsari aka kafa zangon Elele tun zamanin maharba giwa, da shi ake tafiyar da kasuwannin shanu na Ugwuoba da Lokpanta da Garki ta Awkunanaw, da shi kuma 'yan canji na Titin Owerri a Inugu da 'yan kasuwar wajen Titin Bida a Anaca ke karɓar ƙannensu. Shi kansa maigidan da yaron wani ya fara, yana ɗaukar jaka yana kallon yadda ake taya sa da yadda ake sallamawa, kafin ubangidansa ya yaye shi.

Maƙwabta Ibo su ma da irin wannan suka gina kasuwar Anaca da masana'antun Nnewi. Yaro kan zauna da ubangida shekara biyar, shida ko bakwai yana koyon ciniki, ran sallama a ba shi jari ya buɗe nasa. Ba wanda ke ce wa shekarun nan hutu. Horon ɗalibin jami'a shi ne wannan zaman koyon, sai dai an taƙaita shi zuwa watanni, shagon kuma ya zama masana'anta.

Kada kuma a ce ɗan Arewa ba ya shiga cikin mutanen nan ya yi fice. Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, da fataucin shanu ya zo Inugu, ya zauna da mutanen gari, ya shiga jam'iyyar NCNC, har aka zaɓe shi magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Yaron da aka haifa a Diobu ko Asata, mai jin Hausa da Ibo da Turancin buroka ban da na makaranta, yana riƙe da makamin da ɗan ajinsu na Zariya ba shi da shi.

To, me ya rage? Mazauna Kurmi sun san ƙofofi fiye da yadda suke zato. Mai kai nama kantin abincin kamfani ya san manajan. Ɗan canji ya san 'yan kwangila. Direban tankar mai ya san daffo ciki da waje. Mai gadi kuwa ya fi kowa sanin wane jami'i ne ke karɓar takardun ɗalibai, da ranar da ake samunsa. Idan Sarkin Hausawa na kowane gari, tare da limamai da shugabannin kasuwanni, suka sa wani mai ilmin boko ya buɗe littafi guda, ɓangare ɗaya sunayen ɗaliban da ke neman gurbi da kwas ɗin kowa, ɗaya ɓangaren sunayen 'yan'uwa da kamfanonin da suke hulɗa da su, an rage rabin wahalar. Idan aka ware ɗaki ɗaya ko biyu kusa da masallaci don baƙin ɗalibai, aka kafa ɗan asusu na sayen takalmin aiki da kuɗin mota, an rage sauran rabin. Maigidan da ya sauki ɗalibi kuma ya riƙa tambayarsa littafinsa duk ranar Juma'a, ko da bai iya karatun boko ba, ya sa a karanta masa. Yaron da ya san za a tambaye shi ba ya wasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma wannan jinkar ba ta fi ƙarfin al'ummar da ke sauke tirelolin shanu kowane mako ba.

'YAN MATA MA SUNA CIKI

Ɗalibai mata sun fi shan wahalar lamarin. Uba zai biya wa 'yarsa kuɗin karatun kimiyyar abinci ko gwajin jini ko kwamfuta shekara uku, amma ran da aka ce ta je ma'aikata sai ya ce a nemo mata hatimi ta zauna gida. Damuwarsa kan mutuncinta daidai ce, maganin ne bai dace ba. Abin da ya fi shi ne ya raka ta da kansa ran farko, ko ya tura wanta, a ga wurin, a san jami'in da zai kula da ita, a karɓi lambar ofishin SIWES na makarantarsu don kai ƙara in wani ya nemi wuce gona da iri. Wadda ta zo daga Arewa kuma a sauke ta cikin iyali, hannun uwargida mai mutunci. Al'ummar da ke kukan rashin mata ma'aikatan asibiti da za su duba matanta, ita ya fi kamata ta tsaya wa yarinyar da ke kan hanyar zama ɗaya daga cikinsu.

GA ƊALIBI KANSA

Shi kuma ɗalibi ya fara neman gurbi tun wata uku ko huɗu kafin lokaci, ya kai takarda wurare da yawa, kada ya raina ƙaramin kamfani. Wurin da za a bar shi ya riƙe sifana ya fi wurin da za a ba shi kujera da na'urar sanyaya ɗaki. Tun ranar farko ya gaya wa shugabansa cikin ladabi lokutan salla da zuwa masallacin Juma'a, ya kuma nuna da aikinsa cewa minti goman da ya ɗauka ba ta rage komai ba. Ya cika logbuk a ranar da ya yi aikin, kada ya tara. Ya koyi gaisuwa da harshen mutanen wurin, ya riƙe sunayen waɗanda suka koya masa, ran tafiya ya bi su ɗaya ɗaya ya yi godiya, bayan ya koma makaranta kuma kada ya yanke zumunci.

Ya tuna kuma ba kansa kaɗai yake wakilta ba. A ma'aikatu da yawa na Kurmi shi ne ɗalibi ɗan Arewa na farko da za su taɓa gani da hular kwano maimakon sandar gadi. In ya yi abin kirki, ƙofar da ya shiga za ta zauna a buɗe ga na bayansa. In ya yi sakaci, shekara mai zuwa wani yaro da bai san hawa ba bai san sauka ba za a mayar wa da takardarsa.

Kakannin mazauna Kurmi sun zo da sanda da buhun goro, suka kafa zango, suka sauki duk wanda ya biyo bayansu. Baƙon wannan zamani da wasiƙar makaranta yake zuwa, bukatarsa kuwa ba ta wuce ta fataken da ba: wurin kwana, da mai tsaya masa, da wanda zai nuna masa ƙofa. Zangon karatu na gaba ba shi da nisa, takardun kuma suna nan tafe. Allah ya ba masu masauki ikon karɓa, ya ba yaran ikon koyo.